Ruwa na shiga ƙafar injin jirgina, daga ina matsalar take?

Baban Walid, Sabon Gari:
Salamu alaikum jama'a. Na sayo ƙaramin jirgin ruwa tokumbo daga Legas, mai injin MerCruiser, irin wanda injin ke ciki, ƙafar mai farfela a waje. Tun hunturu yake ajiye a gareji. Jiya na kwance notin zubar da mai na ƙasan ƙafar, man giya ya fito fari kamar kunun gyaɗa. So nake in sa jirgin a kogin Galma idan damina ta kankama. Me zan fara dubawa?

Bakanike na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ruwa ne ya gauraya da man. Ciro farfela tukuna, ka leƙa bayanta. Zaren fatsa ko na komar kamun kifi yakan nannaɗe sandar farfelar, ya ci oyil-sil ɗin, wato robar da ke hana mai fita da ruwa shiga, a hankali. In ba nan ba, duba 'yan washa na notunan zuba mai, kowane juyi sabo ake sawa. Ka tsiyaye man duka, ka hura iska kaɗan cikin ƙafar da famfo mai awo. Allura ta sauka, to akwai ɓula. Shafa ruwan omo, inda ya yi kumfa nan ne.

Malam Idi, Samaru:
Kada ka manta robar nan mai lanƙwasa kamar zugazugi, tsakanin ƙafar da jikin jirgi. Ɗaga ƙafar, juya sitiyari ƙarshe, haska tocila cikin ninkin. Zafin Zariya da hunturu na tsattsaga roba. Tawa ta taɓa fashewa, na wuni ina kwarfar ruwa da bokiti.

Baban Walid:
Na gode. Na ciro farfela yanzu, wallahi zare ne dam. Malam Idi, robar sai gobe da safe.