Tabo ko gyauro?

Jama'a, ku kawo ɗauki. Hausar "scarring effect" nake nema, wato illar da talaucin yarinta kan bar wa mutum a jiki har tsufa, ko da daga baya Allah ya buɗa masa.

Da fari "tabo" na rubuta, sai na goge. Tabo ana ganinsa, kuma ciwon ya riga ya warke. Wannan kuwa kwanciya yake yi.

Ku duba yammacin Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, da 'yan Nazi suka toshe hanyar abinci. Rabon mutum a rana bai kai kalori 1,000 ba, kusan mutum 20,000 suka mutu. Jariran da yunwar ta riska a farkon ciki an haife su da nauyinsu daidai, ungozoma ba ta ga abin cewa ba. Sai da suka kai hamsin likitocin Amsterdam suka bi sawunsu ta takardun haihuwa, suka tarar ciwon zuciya da ƙiba sun fi yawa a cikinsu. To ina tabon?

Ba ma sai an yi yaƙi ba. Wani bincike na 2006 kan mutanen Holan da aka haifa tsakanin 1812 da 1912 ya nuna 'yan shekarun karayar arziki ba su kai 'yan shekarun yalwa tsawon rai ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce "tsumburewa". Anti, wannan ta tsawo ce, ma'auninku yana kama ta tun yaro na goye. Wani ya kawo "fami". Na so ta, amma fami sai an taɓa ciwon.

Baffana na kishingiɗe yana gyara ƙotar fartanya, ko ɗago kai bai yi ba ya ce: "Ɗan nan, ai gyauro kake faɗa." Ƙwayar dawar da ta zube ran girbi, ta sha rani a ƙasa, ruwan farko ta tsiro maka a tsakiyar gyaɗa, ba ka shuka ba.

Gyauron talauci. Na gwada ta a jimla: "'Ya'yan zamanin SAP, shirin tsuke bakin aljihun Najeriya na 1986, sun doshi arba'in, wa ya san gyauron talaucin da ke jikinsu?" Ta zauna daram.

Cikas ɗaya: 'yan jarida sun saba da "gyauron 'yan bindiga", kada a ɗauka ragowar talauci kawai ake nufi. Mutanen Maraɗi da Damagaram, a kunnenku yaya take?