Furannin jeji da ledar jini biyu

Istifanus: Salama gare ku. Sati uku ina haɗiye maganar nan, yau dai sai na faɗa. Lokacin da ƙanwata take kwance, likita ya ce a nemo jini leda biyu. Na je wurin dattijon da ke riƙe da asusun taimako a ikkilisiyarmu. Ya buɗe mini Matiyu 6:28, ya ce in dubi furannin jeji, ba sa wahala, ba sa kaɗi, amma ko Sulemanu bai yi ado kamarsu ba, saboda haka in daina damuwa. Haka na fito ba ko sisi. Kwana huɗu ta rasu, shekararta 23. A bakin kabari kuma shi ne ya karanta Ishaya 40, cewa mutum ciyawa ne, ciyawa takan bushe, fure ya kaɗe. Ban musa Maganar Allah ba. Amma ba a ba mu ayoyin nan don mu dunƙule hannu a bayansu ba.

Mama Rifkatu: Wayyo ɗana. Ubangiji ya ta'azantar da ku. Yarinyar nan ita ke riƙe mana ganga a zumunta.

Malam Bulus: Allah ya ba da haƙuri, ɗan'uwa. Sai dai akwai gyara. Kalmar da aka fassara jeji a ayar Matiyun nan, a Helenanci agros ce, ma'anarta fili ko gona. Galili ba jeji ba ce, ƙasar noma ce da kamun kifi. Yesu na zaune a kan tudu, furannin na nan kusa da ƙafafun mutane. In ka ce jeji, ka kai su nesa.

Dauda: Malam, jeji muka taso muka ji ana karantawa. Tun 1932 aka gama fassara Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, su Likita Miller na Wusasa suka sha wahalarsa. Yau ne za a koya mana Hausa?

Malam Bulus: Ban zagi kowa ba. An sake fassara bayan wannan ai, me ya sa aka sake in ba a ga abin gyara ba?

Dauda: Ku 'yan makarantar tauhidi haka kuke. Shekara huɗu a aji, sai kowace aya ta zama kuskure.

Saratu: Ni a garinmu duk abin da ya wuce bayan gari jeji ne, ko da gonar baba ce. Ina matsalar?

Yohanna: Bado ne ake nufi. Na gani a hoton wata kalanda.

Malam Bulus: Bado a ruwa yake, Yohanna. Karanta aya 30: yau tana nan, gobe a jefa ta a tanderu. Wa ke hura wuta da bado? Masana da yawa sun fi karkata ga wani jan fure da Yahudawa ke kira kalanit. Yana rufe tuddai a ƙarshen sanyinsu, wajen Fabrairu da Maris. Da iskar zafi ta taso daga hamada ta gabas, cikin 'yan kwanaki sai ya ƙone, mata su tattara busasshen su gasa gurasa. Iskar nan ce Zabura 103:16 ke faɗa, ta hura a kansa, ya ɓace, wurinsa ma ba ya ƙara saninsa.

Saratu: Kamar albasar kwaɗi ke nan. Ruwan farko ya sauka, ka fita da safe ka gan ta fara tas a gefen hanya, ba wanda ya shuka ta. Ka dawo jibi ta lanƙwashe.

Yohanna: To ai fulawa ce dai.

Dauda: Fulawa ta burodi? Ka ce fure. Hausar Jos ta lalata ku.

Yohanna: Kai da ke taƙama da Hausar Zariya, in an ba ka karatu ran Lahadi in'ina kake yi.

Istifanus: Jama'a, jeji ne ko gona, ƙanwata ta tafi. Maganar asusu nake yi.

Hannatu: Yaya Istifanus na da gaskiya. Yakubu 1:11 ya yi maganar furen da rana ke ƙonewa, a sura ta biyu kuma Yakubun nan ya ce in ɗan'uwa ba tufa ba abinci, ka ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba, me ya amfana? Allah yana tufatar da fure da ruwan sama. Mu kuwa da hannun juna yake yi mana.

Baba Ayuba: Hannatu, ki iya bakinki. Kin san ko nawa ne a asusun ranar? Mutumin nan shekara ashirin yana hidima ba albashi.

Hannatu: Baba, ban raina ku ba. Amma kowa ya san surukinku ne.

Baba Ayuba: Da surukina ne da ba surukina ba, ba a tsige dattijo a gaban yara.

Dauda: Baba ku bar su. Malam Bulus har yanzu bai faɗa mana kalmar da yake so a sa ba.

Malam Bulus: Furannin saura.

Saratu: Saura gonar da aka bari ce ta huta. Wa ya ce maka an bar ta?

Baba Ayuba: A matsayina na shugaban wannan zaure, bari in tattara. Mun ji baƙin cikin ɗanmu Istifanus, muna tare da shi cikin addu'a. Abin da ya fito fili shi ne, ayoyin da dattijo ya karanta daidai suke, ba wanda ya iya nuna kuskure a cikinsu, rai kamar fure yake, dogara kuma ga Allah ne. Kan kalma, yawancinmu mun tsaya a kan jeji yadda iyayenmu suka karanta, Malam Bulus shi kaɗai ne da ra'ayinsa. Maganar asusu ta majalisar dattawa ce, ba ta nan ba. Hannatu kuma ta same ni bayan sujada.

Mama Rifkatu: Istifanus, ka gaya wa mamarka matan zumunta za mu zo ran Alhamis da yamma. Akwai sauran bashin asibiti? Turo mini adadin ni kaɗai.