Neman shawara: an yi ruwa, amma atishawar yarona ta ƙaru

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona ɗan shekara 9 ne, da zarar bishiyoyi sun fara fure sai atishawa, hanci na zuba, ido ya yi ja. Likita ya ce alajin garin fure ne. Na sa an sare bishiyar ƙofar gida mai jan fure, wadda maigidan ya shuka da hannunsa, har yau ana mitar abin, amma babu abin da ya canza. An ce mini ruwa na wanke iska, shi ne jiya da hadari ya haɗo na buɗe tagogi duka. Da dare sai ga tari, ƙirjinsa na ƙara. Wane lokaci ne iska ta fi tsabta? Kaina ya kulle.

Mai Gandu: Wa'alaikumus salam. Hajiya, bishiyar nan an sare ta a banza. Fure mai launi da ƙamshi ƙwari yake kira, garinsa na da nauyi da danƙo, ba ya nisa. Masu laifin su ne waɗanda iska ke ɗaukar garinsu, irin su zaitun, furensu ma ba a lura da shi. 'Yar jakar da garin ke ciki sai ta bushe take tsagewa. Shi ya sa in akwai raɓa ko damshi take zama a rufe, rana na ɗagawa raɓa ta bushe sai ta fashe. Ranar ɗumi, busasshiya, mai iska, ita ce mafi muni. Ƙwayar garin yawanci maikiron 20 zuwa 40 ce (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), iska na iya kai ta ɗaruruwan kilomita. Ki rufe taga daga hantsi zuwa azahar, ki buɗe da dare.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, a bar zancen taga tukuna. 'Yar'uwa, ƙarar ƙirji alamar asma ce, ki mayar da shi asibiti. Yayyafi mai daɗewa kan wanke iska, gaskiya ne. Hadari mai tsawa kuma daban ne: iskar da ke gabansa na kwaso garin, damshi ya kumbura ƙwayoyin su fashe, ɓarɓashin ya wuce hanci ya shiga huhu. Haka ta faru a Melbon ta Ostareliya a Nuwamban 2016, mutum 10 suka rasu. Hadari na haɗowa a rufe ko'ina, sai ruwan ya zauna sosai. Wane magani yake sha?

Mai Gandu: Na Melbon ai garin ciyawa ne, ba na bishiya ba.

Ma'aikaciyar jinya: Na bishiya ma yana fashewa in ya jiƙa.

Mai tambaya: Anti, ba shi da asma, babu mai ita a danginmu. Ina fesa masa na buɗe hanci, wata guda ke nan, kuma yana aiki nan take. Ita kuma bishiyar, Malam, da idona nake ganin garinta a ƙasa.

Mai Gandu: Wanda kika gani a ƙasa ai ya faɗi ke nan. Wanda ba kya gani shi ke shiga hanci.

Wani mamba: Malam, ban yarda da buɗe taga da dare ba. Da rana iska mai zafi na ɗaga garin sama, in gari ya yi sanyi da yamma sai ya sauko, musamman a birni da daren da babu iska. Su ma masu hasashen garin fure takaici suke ba ni. Na'urarsu ta kama garin, lita 10 na iska take zuƙa a minti, sai an ƙirga ƙwayoyin a madubin bincike, abin da ake bugawa matsakaicin awa 24 ne. Ka ga "ƙasa-ƙasa" a waya, ka fita da hantsi ka kwashi kashinka a hannu.

Ma'aikaciyar jinya: Wata guda? In irin su xylometazoline ne, ba a wuce mako. Bayan haka hanci kan ƙara toshewa da zarar maganin ya sake shi. Mai sitiroyid, wato mai rage kumburin cikin hanci, shi ake fara fesawa mako 2 kafin lokacin fure, likita zai rubuta. A wanke hanci da ruwan gishiri, giram 9 a lita 1 na ruwan da aka tafasa ya huce. Ya wanke gashi kafin ya kwanta, kar a shanya zanin gadonsa a waje ranar iska. A kuma yi gwajin fata a san wace bishiya ce, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito.

Mai Gandu: Saukowar dare ba kullum ba ce. In raɓa ta sauka sosai, garin a ƙasa yake kwana. Hajiya, ki bi abin da na faɗa. Ki kuma sani in aka jera kwanaki ana sanyi da ruwa sannan rana ta buɗe, furannin da suka nuna tare suke saki, ranar kar ya fita wasa.

Mai tambaya: Na gode, amma in na daina fesa masa ba ya barci, ga makaranta da safe. Ɗakinsa kuma zafi, taga ɗaya ce. Yanzu da dare in buɗe ko in rufe?