Wa zan nuna ma yara a zanen barkwanci na siyasa?

Mushe Idi: Salamu alaikum jama'a. Yaran lekol ɗinmu nan Tawa suna son koyon zanen barkwanci irin na jarida, aikin wa kuka ga ya kamata in nuna musu?

Rabi: Bulama na Daily Trust. Ko ba ka jin turanci kana ganin zanen ka gane inda ya dosa

Laminu: Glez na Burkina, wanda ya daɗe a Journal du Jeudi. Faransanci ne, yaran za su karanta da kansu. Akwai kuma Gbich, jaridar barkwanci ta Abijan

Alhaji Sule: Mushe ka yi hattara dai. Ni na taɓa manna wani a shagona, mutum ne da ƙaton tumbi shina cin tuwo talakawa na tsaye da kwano wayam, wallahi babu sunan kowa jiki amma duk wanda ya shigo sai ya ce ai wane ne, ƴan wannan jam'iyya su ce da mu kake ƴan waccan ma su ce da mu kake, har wani da munka tashi tare ya bar sayayya wurina, gaisuwa ma sai daga nesa. Habaici ne ai, mai shi ka ganewa, to a garin nan kowa gani yake shi ne mai shi

Rabi: to Alhaji tumbin ne ya yi kama da na mutane da yawa 😂

Alhaji Sule: ke ɗiyata bari, abin ya ci mini rai

Laminu: Amma nan ƙarfin abin yake. Dubi Zapiro na Afirka ta Kudu, tun 2006 da Jacob Zuma, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasarsu, ya faɗa a kotu cewa wanka ya yi don kauce ma cutar sida, sai ya dasa mishi kan shawa bisa kai, ya yi ta zana shi haka shekara da shekaru. Alama guda, ba dogon rubutu

Nasiru: Ku kuna yabon abin nan kun manta tarzomar da anka yi a Damagaram da Yamai a 2015 kan zanen Annabi da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga?

Laminu: wancan taɓa addini ne Nasiru, mu shugabanni muke magana

Nasiru: daga nan ake farawa ai

Hajiya Mariya: Don Allah a bar wannan. Mushe ka sa su fara da ramukan hanya da ɗauke wuta, su bar fuskar mutane tukuna

Rabi: wutar ma yanzu anka ɗauke mana, ku akwai a unguwarku?