Me ya sa tsofaffinmu ba su zauna gida ba lokacin korona?

Ɗiyar Bagalam:
Salamu alaikum. Abin nan ya daɗe yana cina. A azumin 2020, an rufe masallatai, iyakar Najeriya ma a rufe, hatsi ya yi tsada. Kakata, ga hawan jini ga ciwon ƙafa, kullum la'asar sai ta dama kunun gero ta zaga gidaje huɗu da kanta. Na ce, "Inna, ku aka ce cutar ta fi kamawa, ku bari in kai." Ta ƙi. Har kuka na yi. Lada ce kawai take nema?

Baban Sani, Zariya:
Ɗiyata, lada na ciki, amma ku tuna sun ga yunwar 1984. Mahaifina har ya rasu yana kiran sunan maƙwabcin da ya auna masa tiya biyu a shekarar. Bashi suke biya.

Maman Hadiza:
Ni kaɗaici na gani. Ba biki, ba suna, ba jam'i. Surukata ta koma ɗinka takunkumi tana rabawa kyauta, don a shigo a gaishe ta.

Ɗiyar Bagalam:
Baba, na gode. Yau zan tambaye ta wa ya ciyar da su a 1984.