Yaro ba ya haɗa ido da mutane: galahanga ce ko kunya?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Ana yawan cewa yaro mai larurar otizim, wadda ake kira galahanga, ba ya kallon mutum ido cikin ido. To mu ai tarbiyya ce yaro ya sunkuyar da kai gaban babba. Ta yaya ake bambancewa? Kuma da gaske akwai na'urar da ke gano larurar daga motsin ido?

Likitan Yara:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Irin wannan kunyar ta tarbiyya koyonta ake yi, ɗan shekara ɗaya da rabi bai kai nan ba. Mai kunya kuma yana satar kallo, a gaban uwarsa yana sakewa.

Abin dubawa shi ne ko yaron yana haɗa ki cikin abin da yake kallo. Ki zauna daidai tsayinsa, ki nuna wani abin wasa da ke can gefen ɗaki ki ce "duba!" Ana so idonsa ya bi yatsanki zuwa kan abin, sannan ya dawo kan fuskarki. Wannan dawowar ita ce magana. Zuwa wata 18 kuma shi da kansa zai nuna miki jirgi ko akuya don ki gani, ba don a ba shi ba. Kada a gwada yana riƙe da waya ko yana jin barci. A fara auna jinsa da ganinsa, domin rashin ji sosai yana kawo irin wannan. A asibiti akwai tambayoyi 20 da iyaye ke amsawa don tantance alamun larurar, ana kiransu M-CHAT, na 'yan wata 16 zuwa 30.

Mai Bincike:
Na'urar tana nan. Yaro zai zauna kamar santimita 60 daga allo ana nuna masa bidiyo, wani haske marar ganuwa yana sauka a idonsa, kyamara tana lissafa inda ƙwayar idon ta tsaya, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Kafin a fara sai an saita ta da ɗigo kamar biyar a kan allo. Nan ake samun tangarɗa: harara-garke, rawar ido, ƙyallin tabarau ko yawan juya kai duk suna ɓata saitin, sakamako ya fito a karkace.

A 2013, Warren Jones da Ami Klin na Jami'ar Emory a Amurka sun nuna cewa jariran da daga baya aka tabbatar suna da larurar sun fara da kallon ido daidai da kowa, sai ya riƙa raguwa tsakanin wata 2 da 6. Ita kuwa Karen Pierce a San Diego allon ta raba biyu, yara na rawa a gefe guda, zane-zane masu motsi a ɗayan. Wanda ya shafe kashi 69 cikin ɗari na lokacin yana kallon zane, da wuya a ce ba shi da larurar. Sai dai a bincikenta na 2016 gwajin ya kamo kusan ɗaya ne kawai cikin biyar na masu larurar. Don haka yaro ya tsallake shi bai wanke shi ba. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wata na'ura mai suna EarliPoint, ita ma a matsayin mai taimaka wa likita kurum.

Malamar Aji na Musamman:
Hajiya, don Allah a daina kama haɓar yaro ana cewa "kalle ni". Manya masu larurar da dama suna cewa kallon ido yana takura su, har ya hana su fahimtar abin da ake faɗa. Ki ɗago abin da yake so kusa da fuskarki, ko ki tsayar da wasan cakulkuli a tsakiya ki ɗan jira. Ya ɗago ido ko da na ƙiftawa ne, ki ci gaba da wasan nan take.