Da kasuwar memori ta karye a 2023, wa ya zuba jari, wa ya janye hannu?

Mai gyaran waya, Ringim: Salamu alaikum. 'Yan'uwa masu sana'ar waya, kowa ya faɗi yadda abin ya same shi lokacin da farashin memori ya karye, daga ƙarshen 2022 zuwa 2023. Masu ƙera ta sun rabu gida biyu. SK Hynix ta Koriya ta Kudu ta ce za ta zaftare fiye da rabin jarinta na 2023, Micron ta Amurka ta rage wajen kashi 30 cikin ɗari, har da sallamar ma'aikata. Samsung kuwa ta ci gaba da gina masana'antu, ba ta sassauta ƙira ba sai a watan Afrilu na 2023, bayan ribarta ta wata uku ta zube da fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Mai tura karatu a waya, Wudil: Wa alaikumus salam. Mu dai arahar nan labarinta muka ji. Farkon shekarar ana fama da ƙarancin takardun kuɗi, ranar Juma'a kasuwa cike, amma mutum zai juya memorin giga takwas a tafin hannunsa, ya taya, ya ajiye, ya wuce. A watan Yuni aka saki naira, dala ta cinye ragin gaba ɗaya.

Mai shago, Gumel: Ni kam ban janye ba. Maƙwabtana sun daina saro kaya, ni na sayar da ragunan da nake kiwo na shiga Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, na kwaso filas da memori. Da kaya suka tashi, ni kaɗai ke da su a layinmu. Dabarar Samsung ke nan tun da can: ta jure asara har na ƙasa da ita su gaji. Qimonda ta Jamus ta rushe a 2009, Elpida ta Japan ta bi ta a 2012.

Ɗalibin lantarki, Kazaure: Allah ya ƙara arziki, Alhaji, amma wannan karon ba yawan kuɗin ne ya raba gardama ba, inda aka zuba shi ne. SK Hynix ta tsuke bakin aljihu, sai dai ba ta saki HBM ba, memorin da kamfanin Nvidia na Amurka ke haɗawa da na'urorinta na ƙirƙirarriyar basira. A 2024 ribar SK Hynix ta zarce ta sashen Samsung mai ƙera irin waɗannan kayan. Ni ma lokacin ina koyon gyara, maigidana bai ƙara ko kwali ɗaya na kaya ba, madubin ƙara girma ya saya da injin iska mai zafi. Yanzu wayar da allonta na ciki ya mutu, daga ƙauyukan kewaye wurinsa ake kawo ta.

Mai shago, Gumel: Gaskiyarka, ɗana. Kayana sun ƙare cikin wata kaɗan, ribar kuma ba ta iya sake saro irinsu ba. Nawa maigidan naka ya sayi injin?